Bayan jirgin ƙarshe: yadda layin dogon karkara ke mutuwa, da yadda ake bin sawunsa

Jirgin ƙasa ba ya son hawa, ba ya kuma son kwana mai tsini. Wilin ƙarfe a kan dogon ƙarfe santsi gare shi, kuma ƙarfin jan kan jirgi bai cika wuce kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin biyar na nauyin da ke kan wilolinsa ba kafin su fara sulɓi. Santsin nan ne ya sa kai ɗaya ke jan taragu masu yawa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, shi ne kuma ya sa yake zama abin tausayi da zarar ya fuskanci tudu. Don haka injiniyoyin ƙarni na 19 ba su bi ƙasa yadda suka tarar da ita ba. Inda tudu ya tare su sai su tsaga shi, ƙasar da suka haƙo su kai ta kwari su yi ciko. Inda kwarin ya fi ƙarfin ciko su gina gada, inda dutsen ya fi ƙarfin tsagawa su huda shi. Hawan da ake so shi ne mita ɗaya cikin tafiyar mita 100 ko ƙasa da haka. A ƙananan layukan karkara, inda kuɗi ya yi ƙaranci, an yarda da ɗaya cikin 50. Hawan Lickey da ke kusa da Birmingham, ɗaya cikin kusan 38, har yau ana ambatonsa a matsayin mai tsanani, alhali mai mota ba zai ma lura da shi sosai ba.

Wannan ne dalilin da ya sa layin da aka rufe shekara 60 da suka wuce, aka kwashe ƙarafansa aka narkar, har yanzu yake kwance a ƙasa ga mai ido. Ƙarfen shi ne mafi sauƙin cirewa, shi ne kuma mafi sauƙin mayarwa. Abin da ke da daraja shi ne zirin ƙasar nan da aka daidaita, mai tafiya mil goma ko ashirin ba yankewa. Shi ake nema idan ana bin sawu, shi ake ceta idan ana ceto.

Ba ƙasar da ta fi Birtaniya ba da misali. A can aka fara gina layukan, a can kuma aka rufe su da yawa cikin ɗan lokaci har abin ya zama ciwo a zukatan mutane. Dab da Yaƙin Duniya na Ɗaya tsawon layukanta ya haura mil 23,000. Da yawa daga cikinsu ba su taɓa yin riba ba, domin kamfanoni masu gasa da juna ne suka gina su, wani lokaci don kawai su riga abokin hamayya shiga wani kwari. Bayan yaƙin, motocin bas da na kaya suka shigo, fasinja ya gane cewa bas na tsayawa a tsakiyar ƙauye, jirgi kuwa na ajiye shi a tashar da ke nesa. Tashar Dent da ke arewacin Ingila tana ɗauke da sunan ƙauyen da ke da nisan fiye da mil huɗu da ita, kuma irinta ba ɗaya ba ce. Gwamnati ta karɓe reluwe a ranar 1 ga Janairu 1948, kuma tsakanin shekarar da 1962 an riga an rufe fiye da mil 3,000 a hankali, ba hayaniya.

Sai aka ɗauko Dakta Richard Beeching daga kamfanin sinadarai na ICI a zamanin ministan sufuri Ernest Marples, don ya shugabanci hukumar reluwe. Rahotonsa ya fito ranar 27 ga Maris 1963, ya ba da shawarar rufe tashoshi 2,363 da kusan mil 5,000 na layi. Hujjarsa ba ta banza ba ce, ko da yake masu kewar jiragen ba sa son a faɗi haka. Hukumar reluwe ta yi asarar fiye da fam miliyan 100 a 1962. Kashi ɗaya cikin uku na layukan yana ɗaukar kashi ɗaya cikin ɗari kacal na zirga-zirgar, rabin tashoshin kuma suna kawo kashi biyu cikin ɗari na kuɗin fasinja. Duk wanda aka miƙa wa waɗannan alƙaluma zai ce a rage.

Matsalar tana cikin yadda aka tara alƙaluman da kuma abin da aka bari ba a tambaya ba. An ƙirga zirga-zirgar a mako guda na watan Afrilu 1961, kafin lokacin hutu, ta yadda layukan da ke zuwa garuruwan bakin teku suka fito kamar matattu. Kuɗin tikiti ana rubuta shi ne a tashar da aka saya, don haka mutum dubu da suka sayi tikitin zuwa da dawowa a babban birni suka sauka a ƙaramar tasha ba su ƙara wa ƙaramar tashar ko sisi a littafi ba. An kuma ɗauka cewa wanda aka rufe wa ƙaramin layi zai tuƙa mota zuwa babbar tasha ya hau jirgi. Akasarinsu da suka shiga motar sai suka ƙarasa tafiyar da ita, babban layin ma ya rasa su. Mafi muni, ba a gwada rage kuɗin gudanarwa sosai kafin a yanke hukunci ba. Layin da jirgi shida ke bi a rana yana iya kasancewa da shugaban tasha, da mai sayar da tikiti, da masu dakon kaya, da mai sigina a kowace tasha, da mai tsaron ƙofa a kowace mararraba. Da an mayar da tashoshin marasa ma'aikata, kwandasta ya riƙa yanka tikiti a cikin ƙaramin jirgin dizal, da lissafin wasu layukan ya canza. Dokar sufuri ta 1962 ta taƙaita kwamitocin sauraron koken fasinjoji ga duba wahalar da mutane za su sha kawai, ba su da hurumin tuhumar lissafin. Motocin bas da aka yi alkawarin za su maye gurbin jirgin, da yawansu sun daina zuwa bayan 'yan shekaru. Sai a 1968 dokar da minista Barbara Castle ta gabatar ta yarda a tallafa wa layin da ba ya riba amma jama'a na buƙatarsa, lokacin kuwa an riga an yi yawancin yankan. Yau layukan ƙasar kusan mil 10,000 ne.

Layi ba ya mutuwa rana ɗaya

Ranar da ake tunawa ita ce ta jirgin fasinja na ƙarshe, wanda sau da yawa yakan cika maƙil fiye da yadda ya taɓa cika. Amma galibi jiragen kaya sukan ci gaba da bin layin shekara ɗaya ko biyar ko goma, suna kai kwal da taki, suna ɗauko dutse. Mai bincike ya kiyaye da wannan, domin kowane layi yana da ranar rufewa biyu ko uku, kuma littattafai sukan cakuɗa su.

Bayan kaya sun tsaya sai jirgin kwasa ya shigo. Yakan fara daga can ƙarshen layin yana ja da baya, yana ɗauke dogon da ya taka. Ana kwance ƙarafan, waɗanda tsawon kowane ƙafa 60 ne, wato mita 18 da ɗoriya, a cire katakan da ke ƙarƙashinsu, sama da 2,000 a kowane mil. Gadojin ƙarfe su ke biyo baya, saboda ƙarfensu na da kuɗi kuma gyaransu nauyi ne, shi ya sa ake yawan ganin bango biyu na bulo suna fuskantar juna a gefen titi babu komai a samansu. Gadojin dutse da na bulo kan tsira don rushe su ya fi barinsu tsada.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda ba ya gyaruwa: sayar da ƙasar gunduwa-gunduwa. Manomi ya sayi rabin mil ya baje cikon ya haɗa gonakinsa biyu. Ƙaramar hukuma ta sayi tsagin tudu ta cika shi da shara. Filin tashar, da yake shimfiɗaɗɗe ne kuma kusa da gari, ya zama rukunin gidaje ko babban kanti. Hukumar tituna ta aza sabon titi a kan mil biyu. Kowane ciniki shi kaɗai yana da ma'ana, amma gida goma a kan mita 200 sun isa su kashe layin mil ashirin, domin jirgi ba ya iya kauce wa gida yadda mota ke yi.

Amurka ta bi wata hanya, kuma a ganina ta fi hangen nesa a nan. Layukanta sun kai kusan mil 254,000 a 1916, ta kuma rufe da yawa. A 1983 aka gyara dokar hanyoyin ƙafa ta ƙasa ta yadda za a iya ajiye layin da aka daina amfani da shi: a idon doka ba a yi watsi da shi ba, an miƙa shi ne ga wata hukuma ko ƙungiya ta mai da shi hanyar ƙafa da keke, da sharaɗin jirgi na iya dawowa. Dabarar ta zama dole ne saboda yawancin kamfanonin can izinin wucewa kawai suke da shi a kan ƙasar, kuma da an ce an yi watsi da layin, da kowane yanki ya koma hannun maƙwabcinsa. Hanyar Katy ta jihar Missouri, mai kusan mil 240, ta wannan doka ta samu.

Abin da tasha take nufi ga ƙauye

Wanda ya tsaya kan fasinjoji kawai bai fahimci layin karkara ba. Bayan kowace ƙaramar tasha akwai filin kaya: gajeren layi ɗaya ko biyu, rumbun ajiya da ƙaramin ƙugiyar ɗaga kaya a ciki, wurin zuba kwal, ma'aunin da ake auna keken doki da kayansa, da dakalin loda shanu mai shinge. Ta nan kwal mai araha ya shiga ƙauye, da bulo, da fale-falen dutsen rufi daga Wales waɗanda suka kori rufin ciyawa a wurare da dama. Mai lura zai iya raba gine-ginen ƙauye gida biyu, na kafin jirgi da aka yi da dutsen yankin, da na bayansa da aka yi da kayan nesa.

Ta nan kuma amfanin gona ya fita. Bayan annobar shanu ta 1865 ta kashe shanun da ake kiwo a cikin Landan, madarar birnin ta koma zuwa ta jirgi daga karkara, kuma manoma da yawa suka bar yin cuku suka koma sayar da ɗanyar madara. An gina masana'antun madara a jikin tashoshi. Kwarin Tamar ya rayu da aika 'ya'yan itace da furanni, garin Alresford da ganyen da ake nomawa a ruwa, har layinsa ya ɗauki sunan ganyen. Hatta agogo jirgi ne ya daidaita shi, domin kafin kamfanoni su ɗauki lokacin Greenwich a ƙarshen shekarun 1840 kowane gari da nasa lokacin, doka kuma ba ta tabbatar da lokaci ɗaya ba sai 1880. Don haka bin tsohon layi hanya ce ta karanta dalilin da ya sa ma'aikatar niƙa take inda take, da dalilin da ya sa ƙauye ya miƙe ta gefe ɗaya ya bar tsohon cocinsa a baya.

Yadda ake bin sawu

Aikin daga tebur yake farawa. Ana buƙatar taswira biyu, tsohuwa da sabuwa. Ga Birtaniya, taswirorin hukumar safiyo masu inci 25 ga mil, na ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, suna nuna kowane gajeren layi, kowace sandar sigina, kowane ɗakin ma'aikata. Babban ɗakin karatu na ƙasar Scotland ya saka su a intanet ta yadda za a jera tsohuwar da hoton tauraron ɗan'adam gefe da gefe. A hoton sama tsohon layi yakan fito a matsayin zirin bishiyoyi mai lanƙwasa a hankali, wanda ya yanke gonaki ba tare da kula da iyakokinsu ba. Wannan ita ce babbar alama. Tsohuwar hanyar ƙafa tana bin iyakar gona, layin jirgi kuwa yana keta ta, ya bar ƙananan filaye masu kusurwa uku a gefensa. Inda aka baje komai aka yi noma, a shekarar fari launin shuka yakan bambanta a kan tsohon zirin, hoton leza da ake ɗauka daga jirgin sama kuma yana nuna tudun da bai kai gwiwa ba ko da a ƙarƙashin daji.

Kafin a gina yawancin layuka sai da majalisar dokoki ta amince, kuma dole kamfanin ya ajiye zanen hanyar tare da littafin da ya lissafa kowane fili da mai shi da wanda ke haya. Kwafin waɗannan yana ɗakunan adana tarihi na gundumomi, takardun kamfanonin kuma yawanci suna babban ɗakin adana tarihi na ƙasa da ke Kew. A yi hattara da abu ɗaya: zanen da aka ajiye niyya ce. Akwai layukan da aka amince da su ba a gina ba, akwai waɗanda aka karkatar yayin gini.

Ma'aunin reluwen Birtaniya mil ne da sarƙa. Sarƙa ɗaya yadi 22 ce, kusan mita 20, kuma 80 ke yin mil. Doka ta 1845 ta wajabta kafa alamar nisa kowane rubu'in mil, don haka wanda ya tsinci ɗaya ya san inda zai nemi ta gaba, taku kusan 500 daga nan. Tazarar dogo biyu na ƙa'ida milimita 1,435 ce. Shimfiɗar layi ɗaya takan kai mita biyar zuwa biyar da rabi, ta layi biyu kusan mita tara. Auna faɗin ƙarƙashin gada yana faɗin abubuwa da yawa. Sau da yawa za a tarar da gadar da aka gina wa layi biyu a kan hanyar da ba ta taɓa samun na biyun ba, shaidar burin da masu zuba jari suka yi wanda bai cika ba.

A fili, ƙafa takan riga ido ganewa. Ƙasar tana da tauri, ba ta da laka kamar gonar gefe, kuma idan aka tona da tsinin takalmi za a ga tsakuwa mai kaifi ko baƙin toka, domin ƙananan layuka da yawa da tokar kwal aka shimfiɗe su. A duba shinge: kamfanoni sukan yanka tsohon dogo su kafa shi a matsayin turke, kuma waɗannan turakun sukan fi komai daɗewa. A duba gefen dakalin tasha a cikin ƙaya, tsayinsa kusan ƙafa uku, da ramin da'ira inda ake juya kan jirgi, da gindin tankin ruwa, da ƙaramin ɗakin kankare na masu gyaran layi. Gidan da ke tsaye shi kaɗai dab da titi, yana fuskantar wata kusurwa da ba ta dace da titin ba, galibi gidan mai tsaron mararraba ne. Titin da ya yi tozo ba dalili yana haye gadar da aka cike. Bulo mai launin shuɗi-baƙi, mai ƙyalli, wanda ba ya shan ruwa, na injiniyoyi ne. Idan gada ta ƙetare hanya a karkace, a ɗaga kai a dubi cikin bakanta, wato lanƙwasashen ginin da ke ɗauke da ita: layukan bulon a murɗe suke tafiya, don nauyin ya sauka daidai kan bangon, kuma aikin magina ne da ya cancanci a tsaya a kalla. Har itatuwa suna ba da shaida. Bishiyoyin tuffa da ke jere a gefen ciko sau da yawa daga ƙwallon da fasinjoji suka jefo ta taga suka tsiro.

Rufe layi bai mai da shi hanyar kowa ba. In ba a sanya shi a matsayin hanyar jama'a ba, yana da mai shi, kuma neman izini ya fi tsallake shinge. Layin da ya yi tsatsa ciyawa ta rufe shi ma yana iya kasancewa a raye, jirgin kaya na bi jefi-jefi, kuma shiga layi mai aiki laifi ne mai tarar da ta kai fam 1,000. Ramukan da aka huda cikin dutse su ne mafi haɗari. Bulo na faɗowa daga rufi, ruwa na ɓoye ramukan magudana marasa murfi, iska na iya rasa isasshen abin shaƙa a tsakiya ba tare da wani wari ba, a saman tudun kuma akwai rijiyoyin shan iska da aka rufe da katakon da ya ruɓe. Jemagu na kwana a ciki, kuma doka ta hana damunsu. Tsofaffin katakan layi an jiƙa su da man kwalta mai guba, ba a ƙona su a murhu, ba a kuma kewaye lambun kayan miya da su.

Ruwa ne ke cin layi

Mutane kan ɗauka tsufa ke rushe waɗannan gine-gine. Ruwa ne. Lokacin da layi ke aiki, ƙungiyar ma'aikata na bin kowane 'yan mil a ƙafa, suna yashe lambatu, suna sare tsiro. Da suka tafi, ganye ya toshe magudanar tsagin tudu, ƙasan ya zama fadama, gefen ya jiƙe ya zame. A ƙarƙashin kowane ciko akwai kwalbatin da rafi ke bi. Idan ya toshe, cikon ya zama madatsar ruwa da ba a gina ta don riƙe ruwa ba, wata rana kuma ya ɓalle. A kan doguwar gada, ruwan da ya rasa mafita yana ratsa baka, ya wanke farar ƙasar da ke riƙe bulo, sanyi ya daskarar da shi ya fasa fuskar bulon. Farin dutsen da ke zubowa kamar hawaye daga ƙarƙashin baka alamar hakan ce. Saiwar bishiya ta shiga tsagar ta buɗa ta. Gyaran jahilci ma yana ƙara ɓarna: idan aka cike tsakanin tsohon bulo da siminti mai tauri maimakon farar ƙasa, damshin ba ya samun hanyar fita sai ta cikin bulon, bulon ya ruɓe simintin na tsaye.

Kusan irin waɗannan gine-gine 3,100 suna hannun hukumar manyan titunan Ingila, kuma hanya mafi sauƙi ga mai tsoron ɗaukar alhaki ita ce ya cike ƙarƙashin gada. Haka aka yi a Great Musgrave da ke Cumbria a 2021, aka danƙara dutse da kankare a ƙarƙashin wata gadar dutse ta zamanin Sarauniya Victoria, a kan zirin da wasu ƙananan layukan tarihi biyu ke fatan haɗewa ta kansa. Jama'a suka yi ca, ƙaramar hukuma ta ƙi amincewa, aka kwashe cikon a 2023. An biya kuɗi sau biyu kafin a koma inda aka fara.

Rayuwa ta biyu

Mafi yawan layukan da suka tsira sun zama hanyar ƙafa da keke, kuma rashin hawan nan da aka yi wa jirgi shi ya sa suka dace da yaro da tsoho da mai keken guragu. Masu sa-kai a Bristol sun fara shimfiɗa hanyar Bristol zuwa Bath a 1979, mil 13, aka gama a 1986. A kan tsohon layin Somerset da Dorset, wanda aka rufe a Maris 1966, an buɗe ramin Combe Down ga masu keke a 2013. Tsawonsa mita 1,672 ne kuma ba shi da rijiyar shan iska ko ɗaya. A 1929 hayaƙi ya sumar da direba da mai zuba kwal a cikinsa, jirgin ya gangara ba mai riƙe shi, mutum uku suka mutu. Sifaniya ta fara nata shirin a 1993, New Zealand ta buɗe hanyar Otago mai kilomita 150 a 2000. Sai dai hanyar keke tana da nata siyasar: da zarar mutane sun saba da ita, sukan zama na farko wajen adawa da dawowar jirgi, kuma shimfiɗar layi ɗaya ba ta ɗaukar su biyun.

Hanya ta biyu ita ce masu sha'awa su karɓi layin su gudanar da shi. Layin Talyllyn na Wales ne ya fara a 1951, Bluebell na Sussex ya biyo a 1960 da tazarar dogo ta ƙa'ida. An yi sa'a wani mai sayen tsohon ƙarfe a garin Barry ya ga yanka taragu ya fi sauƙi da saurin kawo kuɗi, ya bar kawunan jirgi masu tururi suna tsatsa a fili, daga baya aka ceto 213. Irin waɗannan layuka ba sa wuce gudun mil 25 a awa, tukunyar tururi kuma dole a kwance ta a yi mata babban gyara duk shekara goma, ga kwal da yanzu ake shigowa da shi daga waje. Suna adana injuna da sana'o'i, amma ba sufuri ba ne, kuma tashar da aka yi wa fenti aka jera furanni ba ta nuna yadda wurin yake a ranar sanyi ta 1958 da fasinja uku a kan dakali.

Ta uku, dawowar jirgi na gaske, ita ce ke nuna farashin yanke ziri. Layin Waverley daga Edinburgh zuwa Carlisle, mil 98, an rufe shi a Janairu 1969 aka kwashe. Mayar da kusan mil 30 zuwa Tweedbank a 2015 ya ci fam miliyan 294, da sababbin gadoji 42, da rushe gidaje, da karkatar da babban titin da ya kewaye Edinburgh na ɗan lokaci don a huda ƙarƙashinsa. Layin Okehampton da ke Devon ya rasa fasinjojinsa a 1972, amma dogon ya zauna saboda jiragen da ke ɗauko tsakuwa daga mahaƙar Meldon. An dawo da shi a Nuwamba 2021 da kusan fam miliyan 40, cikin ƙasa da shekara guda.

Abin da ya fi kowane gini saurin ɓacewa shi ne mutanen. Wanda ya fara aikin tasha yana ɗan shekara 16 a 1960 yanzu ya haura 80. Idan za a zauna da irinsu, tambayar “yaya jirgin yake a da?” ba ta haifar da komai sai kewa. A shimfiɗa tsohuwar taswira ko hoto a gabansa, a tambaye shi ƙarfe nawa jirgin madara ke zuwa, wa ke riƙe makullin rumbu, ta wace ƙofa ake shigo da shanu, me ake yi in dusar ƙanƙara ta toshe tsagin. A naɗi muryar da izininsa, a rubuta rana da wuri, a gwada shekarun da ya ambata da jadawalin jiragen lokacin, domin mutum yakan tuna yadda aka yi abu daidai ya kuskure shekarar. Hotunan da iyalai ke riƙe da su a rubuta sunan wuri da na mutanen a bayansu da fensir, a kai kwafi ɗakin adana tarihi na gunduma tare da naɗin muryar.